Sifikar Hagu Ba Ta da Laifi

Mijin yayata mutum ne da Allah ya wadata shi da baki ya rage masa kunne, amma in ka tambaye shi akasin haka aka yi. Mai Kunne ake ce masa a layinmu. Ba wani ne ya laƙaba masa ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har mutane suka gaji suka karɓa. Rabin rayuwarsa a injin yanka katako ya yi ta, injin na kururuwa a kafaɗarsa ta hagu daga safe har yamma. Da ya ajiye aiki ya fito da yatsunsa cif, abin da ba kowa ke dacewa da shi ba a wannan sana'a, amma kunnen hagu can ya baro shi. Yayata ta sani, 'yarsu Auta ta sani, mai rake na bakin layi ma ya sani. Mutum ɗaya ne labarin bai kai wa ba, shi ne mai kunnen.

Ba kurumtar ce ke ba ni haushi ba, cika bakin ne. Zai zauna ya ce maka da kunne yake gane icen da gara ta ci ta ciki, da kunne yake sanin bel ɗin inji zai tsinke gobe da hantsi. In ka yi masa magana ta hagu bai amsa ba, to laifinka ne, wai mutanen yanzu ba sa buɗe baki, a hanci suke magana kamar masu mura. A duk duniya, in ji shi, mutum ɗaya ya rage mai magana tar, wato tsohon abokin aikinsa da ake kira Zarto.

Ni tela ne, kuma ƙaddara ta sa gidanmu manne yake da nasu. Bangon falonsa na hagu shi ne bangon ɗakin ɗinkina. Da na san abin da ke tafe da na tattara kekunana na koma ko ƙarƙashin bishiya ne.

Abin ya samo asali ne ranar da wata motar kaya ke ja da baya a bakin layi. Mai Kunne na tsaye yana yi wa wani bayanin yadda ake gane lafiyar mota daga ƙararta, motar kuwa tana nufo shi ta hagu, direba na ta danna hon, Auta na ƙwala masa kira. Sai da mai rake ya finciko shi ta wuyan riga. Ya miƙe yana kakkaɓe jiki, ya ce direbobin yanzu ba su da tarbiyya, mutum ya ja da baya ko hon babu.

Auta ta shiga gida tana kuka, kukan tsoro da na takaici a haɗe. Da yamma ta ce masa ta yi magana da likitan kunne, za ta kai shi a duba. Nan ya tashi kamar zai ci babu. Ya ce shi za a kai wa likitan kunne? Ai sai dai likitan ya zo ya ɗauki darasi. Yayata ta sa baki ta ce ko don ranka ka je, yau mota ce, gobe ba a san ko mene ne ba. Ya ce mata mata ba su san kan inji ba.

Dama ya daɗe yana mafarkin mayar da falonsa sinima, irin wadda sauti ke zagaye mutum ta gaba da baya. Sai ya ga ga hanyar rufe bakin kowa.

"Zan haɗa ta a falon nan," in ji shi, "da kunnen nan kaɗai zan daidaita komai. Zarto ne alƙali. In ya sami aibi ko na ƙwayar zarra, ku kai ni asibiti ko a baro ne. In bai samu ba, kada in ƙara jin an ambaci kunnena a gidan nan har in mutu."

Auta ta ce ta yarda. Ni kuma na ce ai sharaɗin na biyu mai sauƙi ne, sai mu riƙa ambata ta hagu. Ta hagun na faɗa, saboda haka lafiya lau muka rabu.

Ni aka ja zuwa shagon kayan sauti, wai in taya ɗauko kaya. Mai shago ya tambayi girman falon, ya ce ɗaki irin wannan doguwar sifika guda ta ƙasan talabijin ma ta isa. Mai Kunne ya dube ta ya yi tsaki, ya ce wannan ai sandar makaho ce. Daga nan ya gyara tsayuwa ya buɗe wa mai shago makaranta a cikin shagonsa. Wai dole a sami dogaye biyu masu tsayuwa a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Dole a sami ta tsakiya, ita ke ɗauke da maganar mutanen fim. Na gefe kuwa ba ya son masu harbo sauti kai tsaye cikin kunne, masu fuska biyu yake so, waɗanda ke watsa shi jikin bango har mutum ya rasa ta ina ruwan sama ke zubowa. Sai kuma uwa uba wufa, mai rugugin da ake ji a ciki ba a kunne ba. Duk a waya ya kalli wannan karatun, kuma a gaskiya rabin da ya shiga ta dama ya riƙe shi daram.

Mai shago ba wawa ba ne, ya ga tsuntsu daga sama gasasshe. Duk abin da Mai Kunne ya faɗa sai ya ce lalle yau ya haɗu da masani. Da aka gama ɗaure kaya ya ɗauko wani ɗan makirufo mai doguwar waya, ya ce a cikin kwalin yake zuwa. A ɗora shi inda mai kallo zai zauna, a danna maɓalli, amfilifaya za ta saurari ɗakin da kanta ta daidaita kowace sifika.

Mai Kunne ya riƙe shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Yaro, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Wannan na waɗanda ba su da kunne ne."

Ya ajiye masa abinsa a kan kanta muka fito.

A gida aka kwashe kujeru, ya tsaya tsakiyar falo ya ce kowa ya yi shiru zai gwada ɗakin. Ya yi tafi ɗaya, ya karkata kai, ya lumshe ido. Ya matsa ya sake tafi. Ya ce falon na da amsa-kuwwa saboda tayil da bango tsirara, wanda gaskiya ne, ko agogon da ya tsaya ma yakan dace da lokaci. Aka shimfiɗa kafet, aka rataya labule masu kauri. Da a nan ya tsaya da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku.

Aka jera sifiku, wayoyi suka bi gefen bango kamar an shanya taliya. Ya ajiye kujerarsa daidai tsakiya, ya zauna, ya kunna. Sauti ya fito tsaf, mai daɗi, har yayata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce ashe abin na yi ne. Shi kuwa fuskarsa ta fara yamutsewa. Ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa doguwar sifikar hagu, ya kara mata kunnen dama, ya ji tana yi. Ya koma kujera, ta mutu. Ya sake zuwa, tana yi. Ya ce to ya gano ta, munafuka ce, sai an tsaya a kanta take aiki.

Muka kinkime ta muka mayar. Mai shago ya jona ta, ta kusa fasa masa gilashi, amma bai yi musu ba, ya canza mana wata. Ita ma da muka kai gida aka same ta da halin 'yar'uwarta. A komawa ta gaba mai shago ya ce a gwada sauya musu wuri mana, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Aka yi haka. Nan take marar lafiyar ta warke, mai lafiyar ta kwanta.

Na ce Alhamdulillahi, yau dai gaskiya za ta yi halinta. Na zagaya ta damansa na ce, "Yaya, tunda ba sifika ba ce, ba waya ba ce, me ya rage a ɓangaren hagu?"

Ya tsura min ido, har na fara murna. Sai ya ɗaga yatsa a hankali ya nuna bangon hagu.

"Bangonka."

Kafin in ce kwabo yana cikin ɗakin ɗinkina. Ya tarar da yadudduka jibge jikin bango, na masu biki da na 'yan makaranta, ya tafa hannu ya ce ga ɓarawon nan. Wai yadi na shan sauti, ni ne nake zuƙe masa rabin sinima ta cikin bulo. Na ce yadi ya tsotsi sauti ta bayan bango? Ya ce da ka san wannan ai da ba tela ka zama ba. Don a zauna lafiya na kwashe kayan na mayar ɗaya gefen. Ya koma ya saurara, ya dawo ya ce da ɗan sauƙi amma har yanzu bangon na sha, ya riga ya saba.

Daga nan ne aka shiga aikin gadan-gadan. Tunda bangon hagu na shanye sauti, sai a hana shi. Ya cire labulen wannan gefe, ya naɗe kafet ɗin zuwa rabi, ya sayo fallayen kwanon rufi ya buga su jikin bangon tun daga ƙasa har sama, wai su riƙa maido da sauti. Tunda kuma gefen dama ya cika zaƙewa, sai a danne shi. Ya je tsohon wurin aikinsa ya ciko buhuna da dusar katako, ya jera su jikin bangon dama, sauran ya ɗaure da igiya ya rataye a silin, kusa da fanka, don maganin abin da ya kira amsa-kuwwar sama. Yayata ta tsaya bakin ƙofa ta dubi falonta, rabi kamar garejin makanike, rabi kamar sito. Ta ce da aure ya zo da wannan a sharaɗi da ta yi tunani. Ya ce ta bari a gama, ita ce za ta riƙa gayyato ƙawaye.

Bai gamsu ba. Ya shiga cikin amfilifaya ya ƙure sifikun hagu har inda lamba ta tsaya, na dama ya sauke su har sai ka kasa kunne. Ƙaramar mai fuska biyun da ya yi ta yi wa kirari a shago, ta hagun ya ce ta yi masa sanyi, ya cire ta. Ya ɗauko katako da zarto ya ƙera wani akwati kamar na gawa, ya cusa masa lasifika irin ta masu tallan magani a kasuwa, ya kafe shi daidai inda kan mai zama zai kasance. Wufa kuma ya tura ta kusurwar hagu, ya manna bayanta da bangona.

Ranar da ya fara gwada wannan haɗin ina auna wa wani mutum wando. Sai gwangwanin allurai ya fara tafiya a kan tebur da ƙafarsa. Almakashi ya bi shi. Madubin gwaji ya shiga rawar sanyi, agogon bango ya faɗo cikin kwandon ƙyalle. Mai wando ya fita da tef ɗina rataye a ƙugunsa, bai dawo ba sai washegari, shi ma daga bakin ƙofa ya miƙo. Layin ɗinkina kuwa tun daga ranar ya koma kamar tafiyar maciji, mutane suka fara tambaya ko sabon yayi ne.

Maƙwabta suka fara zuwa. Mai kyamis na tsallaken titi ya ce kwalabensa na kaɗa juna a kan kanta, ya zaci girgizar ƙasa ce. Mai Kunne ya ce ai shaida ke nan, rugugi mai kyau a ƙashi ake jin sa. Matar da ke kiwon kaji a bayanmu ta ce kajinta sun daina ƙwai, suna tsaye kawai suna kallon sama. Ya ce ta canza musu abinci. Wani tsohon direban bas da ke zama a bakin layi ya ce shekara da shekaru yana tuƙa mota mai fasasshen salansa bai taɓa jin irin wannan ba. Mai Kunne ya yi masa godiya, ya ɗauka yabo ne.

Na same shi ni kaɗai na ce, Yaya, ka ji tsoron Allah, abin nan ya yi ƙara. Ya ce hassada ce, kuma bai yi mamaki ba, dangin mata dama haka suke. Ya ce yanzu ne ma hagu ta fara ɗan motsi, saura ƙiris ta kamo dama. Na ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Auta kuwa kullum sai ta zo ɗakina ta zauna ta rafka tagumi. Tsoronta ɗaya, kada Zarto ya rufa wa abokinsa asiri, a ce sauti ya yi, maganar asibiti ta mutu ke nan har abada. Ta ce, "Kawu, in ya ci wannan caca, mota ta gaba ba mai rake a kusa." Ni ma dai ban san Zarto da faɗa wa abokinsa gaskiya ba.

Ranar nuni ta zo, da la'asar sakaliya. Mai Kunne ya sa sabuwar riga, wadda ni na ɗinka a zamanin girgiza, aljihu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya gayyaci duk wanda ya taɓa kawo ƙara, wai su zo su ga abin da suke yi wa hassada. Yayata ta dafa shayi ta jera kofuna. Shi da kansa ya raba wurin zama. Dattawa, wato tsohon direba da mai kyamis da wata gwaggonsa da ta zo ganin gida, ya kai su gefen hagu, ƙarƙashin akwatin nan, ya ce nan sautin ya fi taushi, ya dace da masu shekaru. Mu yara muka samu gefen buhuna. Wallahi ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba.

Zarto ya iso a ƙarshe, ɗan siririn tsoho mai tafiya a hankali. Bai jira an nuna masa wuri ba, ya ja kujera ya zauna a hannun daman abokinsa. Mai Kunne ya miƙe ya yi jawabi. Ya yi bayanin dogaye, ya yi na ta tsakiya, ya yi na kwano da na dusa, ya ce masu sinimar gari ma in sun ji labari za su aiko a koya musu. Ya ce an ba shi makirufo ya ƙi, don wanda ke da rijiya a gida ba ya sayen ruwan garwa. Da ɗaki ya ɗau zafi saboda an rufe tagogi, ya sa aka ƙure fanka. Ya zauna, ya ɗaga rimot sama yadda kowa zai gani, ya danna.

Fim ɗin yaƙi ne. An fara da wasu sojoji biyu suna magana ƙasa-ƙasa a cikin rami, ba wanda ya ji me suke cewa, don ta tsakiyar ma ya karkatar da ita. Sai ga jirgi mai saukar ungulu ya taso daga hagu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kwanon bangon nan ya ɗauka gaba ɗaya, kowace ƙusa na kukanta daban. Kofuna suka bar faranti. Gwaggo ta saki salati ta dafe ɗankwali, ta nufi ƙofa da rarrafe, abin da aka ce ta shekara ba ta yi sauri irinsa ba. Tsohon direba ya taka burkin da babu shi da ƙafa biyu. Mai kyamis ya toshe kunnuwa da matashin kujera. Mai Kunne kuwa yana zaune daram, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murmushi yana gyaɗa kai, ya juyo yana ce wa Zarto ka ji yadda suka daidaita ko?

Jirgin ya harba wani abu, wufa ta amsa. Igiyar buhun da ke silin, wadda ta kwana biyu tana shan girgiza, ta ce ta gaji. Buhun ya sauko kan fanka, fanka ta yanke shi kamar an sa wuƙa, ta shiga rabon dusa tsakani da Allah, ba ta bar kowa ba. Cikin shayi, cikin ido, cikin wuyan riga. Kafin Auta ta lalubo soket ta zare, duk mun koma launi ɗaya, ba ka bambanta mai kyamis da gwaggo sai ta tari.

Aka buɗe tagogi. Mutanen layi sun cika ƙofar gida, har da mai kaji, ta zo ganin ko Allah ya amsa addu'arta. Mai Kunne ya miƙe, dusa na zuba daga girarsa, ya ce wannan matsalar igiya ce ba ta sauti ba, kuma igiyar ma daga shagona aka ɗauko. Ya ce sharaɗi a kan sauti aka yi, saboda haka alƙali ya yi magana.

Zarto ya tofar da dusa, ya kakkaɓe hula a gwiwa, bai yi sauri ba. Auta ta riƙe hannuna.

"Abokina," in ji Zarto, "a ina kake tsayawa a wurin inji?"

"Inji na haguna, kowa ya sani."

"Ni kuma yana damana. Kunnen dama na bari a can, kai ka bar na hagu. Ni na daɗe da sanin nawa. Kana tsammanin son ka ne ya sa kullum nake zama ta nan? Nan ne kawai kunnena mai kyau ke fuskantar naka mai kyau."

Mai Kunne ya ce wannan zancen tsufa ne, a yi maganar sauti. Zarto ya ce to a yi. Ya sa ni da tsohon direba muka ɗaga kujerar tsakiya muka juya ta, bayanta ga talabijin. Ya zaunar da abokinsa a kai, yadda kunnen dama ya fuskanci kwano da akwati. Ya ce kowa ya toshe kunne, ya ce wa Auta ta mayar da soket, a dawo da jirgin.

Jirgin bai gama tasowa ba Mai Kunne ya bar kujera. Ban taɓa sanin yana da wannan tsallen ba. Ya yi karo da buhunan dama, ya rungumi ɗaya suka faɗi tare, yana ihu a kashe, a kashe, wane ɗan iska ne ya taɓa masa saiti. Aka kashe. Ɗaki ya yi tsit, sai tarin gwaggo daga tsakar gida.

"Ba wanda ya taɓa," in ji Zarto. "Abin da mutanen layin nan ke ci ke nan tun da ka fara."

Mai Kunne ya zauna a kan buhu. Ya sa yatsa ya toshe kunnen dama, ya dubi bakin yayata da ke magana, ya cire, ya sake toshewa. Na ga fuskarsa ta sauya, tausayinsa ya kama ni duk da abin da ya yi wa sana'ata. Mai kaji ce kawai ba ta ji tausayi ba, ta leƙo ta taga ta tambaya ko a kawo baron yanzu ne ko sai da safe.

Da ƙafarsa ya je, Auta na riƙe da hannunsa. Aka gwada, aka ce kunnen bai mutu duka ba, aka maƙala masa 'yar na'urar ƙara ji mai batir. Kada ku zaci ya dawo da kunya. Tun daga bakin layi ya fara shelar cewa likita ya ce bai taɓa ganin kunnen dama irin nasa ba, shi kaɗai ya riƙe aikin biyu tsawon shekaru, kuma yanzu da aka ƙara masa inji har tafiyar tururuwa yana ji.

Da yammar ranar ina falonsu muna ɓamɓare kwano daga bango. Ya zauna hutawa, yayata ta kawo masa shayi, ta zauna ta hagunsa tana tsince dusa daga labule. Sai na ji ta fara magana ƙasa-ƙasa, da muryar da ake lissafin kayan miya, fuskarta ko a jikinta.

"Tsohon banza mai kan kwakwa. Ka mayar min da falo kasuwar 'yan gwangwan. Kai da iyayi kamar a kanka aka fara haihuwa. Sha shayin ya huce, sarkin surutu, kar ka mutu ka bar ni da wayoyin nan."

Mai Kunne ya ajiye kofi a hankali. Ya juyo ya dube ta.

"Tun yaushe kike wannan?"

Yayata ta daskare da labule a hannu. Ita ta fi kowa matsawa a je asibiti, amma ko sau ɗaya ba ta kawo wannan a ranta ba. Ta dube shi, ta dubi 'yar na'urar, ta ga ba wurin gudu.

"Tun Auta na goye," in ji ta.

Auta kuwa ita ce yau ta riƙe hannunsa zuwa asibiti. Karo na farko a tarihin layinmu, Mai Kunne ya bi umarni ba musu, ya ɗauki kofi ya shanye shayin.

Sinima dai tana nan, mai shago ya aiko da ɗan makirufonsa, ya daidaita ta kafin shayi ya huce. Mai Kunne na jin hon, yana jin sallama, yana jin har gulmar da ake yi a kicin. Matsala ɗaya ce ta rage a gidan, batiran na'urar nan ba sa zama inda aka ajiye su. Shi yana zargin ɓera. Ni kuwa jiya yayata ta kawo min zane in dafe mata baki, na ji wani abu na ƙara a ƙullin gefensa, na dube ta, ta ce in yi ɗinkina in rufe bakina.